Tsohuwar Marsandi 280 SL ko Mazda MX-5: wacce zan ɗauka?

Ɗan_Gesse:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota a zauren nan. Na daɗe ina da burin mallakar ƙaramar mota mai kujera biyu wadda ake buɗe samanta, kuma bana Allah ya hore abin da zan iya saye ba tare da na taɓa haƙƙin iyali ba. Ina da Corolla ta zuwa aiki da kai yara makaranta. Wannan ta fita da yamma ce da ranar Asabar, in kama hanyar Argungu ko Jega in dawo.

Biyu ne a gabana. Ta farko Mercedes 280 SL ce ƙirar 1984, fara, tana Yauri a gidan wani dattijo da Allah ya yi wa rasuwa, magada za su sayar. Ta kai shekara shida a ƙarƙashin rumfa ba a tayar da ita ba. Na je na gani da idona. Bodi bai lotsa ba, rufin ƙarfen da ake cirewa yana kanta, amma tayoyi huɗun duk sun kwanta, zanzaro ya yi gida a bakin salansa. Da na buɗe ƙofa na zauna, ƙamshin kujerar nan ya mayar da ni ina ɗan shekara tara, domin kawuna ya taɓa riƙe irinta a Sakkwato, a ciki yake ɗaukata yawon sallah.

Ta biyu Mazda MX-5 ce ƙirar 2016, ja, giyar hannu, tana wajen wani dila a Abuja, ba ta daɗe da sauka daga jirgin ruwa ba. Na tuƙa ta kamar minti ashirin, esi na aiki, ba abin da ke ƙara. In na haɗa kuɗin Marsandin da abin da nake hasashen gyara zai ci, kusan kai ɗaya suke da Mazdar. In ku ne wacce za ku ɗauka, kuma saboda me?

Sadauki_BK:
Wa alaikumus salam. Mazda, ba sai an ja zance ba. Motar da ta shekara 40 a duniya, shida daga ciki a kwance, aiki za ka sayo wa kanka. Kana so Asabar ta same ka a hanyar Argungu ne, ko a gareji kana jiran a kawo kaya daga Legas?

Bakanike_Jega:
Alhaji sannu da ƙoƙari. Ni shekara talatin da ɗori ke nan ina ƙarƙashin Marsandi, tun ina yaron gareji. Injin da ke cikin wagga mota M110 ne, silinda shida a jere, lita 2.8. Shi ne dai cikin 280E da 280SE da manyan ma'aikata sunka hau zamanin Shagari, saboda haka ba baƙo ba ne gare mu. Har yanzu ana samun kayanai a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, in an rasa a aika Ladipo ta Legas. In dai bai taɓa tafasa har kan silinda ya lanƙwashe ba, kai za ka gaji ka bar shi.

Inda matsala take, hanyar mai. Ba kafireto gare ta ba, K-Jetronic ne na Bosch, wani ɗan tulu mai bututu shida da ke raba ma kowace nozul mai. Cikinai akwai wani siririn ƙarfe da ke hawa da sauka, in fetur ya bushe ciki shekara shida sai ya koma kamar ƙaro ya liƙe shi. Roƙona guda: kada ka bari kowa ya sa batir ya murza makulli don a gwada maka tana tashi. A sauke tanki a wanke, a canza famfon mai da filta da robobi, a cire fulogi a ɗiga baƙin mai cikin silinda a bari ya kwana, sannan a juya inji da sifana a ji ko shina juyawa. Yaran yanzu na'ura sunka iya, su soka waya su karanta. Wagga ba ta da inda za a soka. Kunne da geji take so, masu kunnen kuwa sun fara ƙarewa.

Injiniya_Kalgo:
Na yarda da Baba Bakanike a kan inji, amma ni bodin ya fi ba ni tsoro. Ɗan_Gesse ka ce bai lotsa ba. To tsatsa ce cutar wannan ƙirar. R107 ake ce mata, an yi ta daga 1971 zuwa 1989, kuma duk wanda ya riƙe ta ya san inda take ruɓewa: bangon da ya raba inji da cikin mota, ƙasan gilashin gaba, inda fankar iska take. Akwai ƙananan magudanai a wurin. Ganye da ƙura su toshe su, ruwan sama ya kwanta ya ci ƙarfe ta ciki, fenti a waje yana ƙyalli abinsa. Yauri kuma bakin kogin Kwara take, akwai laima, ba kamar nan Birnin Kebbi ba.

Ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba da na kujerar gefe ka danna da sukudireba. Ka leƙa gindin but inda safiya, wato tayar canji, take zama. Ka duba lambar shasi, ta 280 SL tana ɗauke da 107042. Sannan ba ka faɗa mana ko tana da esi ba, domin da yawa daga waɗanda aka yi wa kasuwar Turai ba a sa musu ba. In ma akwai, tsohon gas ne, R12, sai an juya shi zuwa R134a.

Uwargida_Badariya:
Ni tambayata ta wani ɓangare ce, Alhaji. Wata nawa a shekara za ka buɗe saman nan? Daga Maris zuwa Mayu rana tana wuce digiri 40, sitiyari ma ba ya taɓuwa da azahar. Damina ta shigo ruwa ya hana. Hunturu ya zo da hazo, ka fita da farar shadda ka dawo kamar wanda ya kwana a wurin casar shinkafa. Abin da ya rage ɗan tsakanin ƙarshen damina da shigowar sanyi ne, sai kuma bayan magariba. Kuma kujera biyu: ka ɗauki maman yara ka bar yara suna leƙe ta ƙofar gida, ko ka ɗauki yaro ɗaya ka bar sauran da kuka? Ka yi shawara da ita tukuna, don ita za ta zauna a gefen da mayafinta.

Ɗan_Gesse:
@Uwargida_Badariya gaskiya kika faɗa Hajiya, kuma mun yi maganar. Ta ce in dai ba za a taɓa kuɗin makarantar yara ba ta yarda, yara kuma za a bi layi. Lissafin watannin nan na yi shi, da yamma da sassafe nake nufi. @Injiniya_Kalgo na ga maɓallan esi a dashbod amma ban duba ko kwamfiresa na nan ba. Kafet kuwa ban ɗaga ba sam. Na gode da tunatarwa.

MaiFaci_Kamba:
Bari mai faci ya sa baki. MX-5 ta 2016 ba ta zuwa da safiya ko ɗaya. Wani ɗan famfo ne da gorar ruwan liƙi suke sa maka a but. Ƙusa ce ta huda, to, zai kai ka gari. Amma in rami ya tsaga gefen taya, ruwan liƙi ba ya komai, sai dai a ɗauko ta a kan babbar mota. Mai wili inci 17 tayarta 205/45 ce, naman gefen bai fi yatsu huɗu ba, rami ɗaya tsakanin Kalgo da Bunza ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili. Kuma ba kowane shago ke ajiye wannan lambar ba. Marsandin wili 14 gare ta da taya mai kauri, tana shanye rami, tana da safiya cikakkiya a but. Ga kuma tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama. Ka tambayi masu ƙananan motoci yadda suke hawa a karkace suna jin cikin mota na gurzar siminti.

Z4_Gusau:
Daga Gusau nake, kuma na riƙe BMW Z4 ƙirar 2011 shekara uku, don haka na san daɗin abin na san wuyarsa. Daɗin ba ƙarya ba ne. Ka sauke rufi bayan la'asar sakaliya, iska ta bugi fuskarka, gajiyar mako ta tafi. Amma famfon ruwanta na lantarki ne, ba ya gargaɗi. Nawa ya mutu wata rana da tsakar rana a hanyar Funtuwa, fitila ta kama, inji ya rage ƙarfi da kansa, na sauka gefen hanya. Mako biyu na jira aka kawo wani, na farkon da wani ɗan kasuwa ya aiko mini ma jabu ne, bai yi wata ba.

Abin da ya sa na sayar kuwa ba famfo ba ne. Halin da hanyoyinmu na Zamfara suke ciki ba na jan mota mai buɗaɗɗen sama ba ne. Duk shingen da ka zo sai an tsayar da kai, duk ƙauyen da ka ratsa an san ka wuce kuma an san lokacin da za ka dawo. Na wayi gari ina zagaye cikin gari kawai daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari. Ku na Birnin Kebbi da sauƙi a kanmu, amma ka sa wannan a lissafi, musamman tunda Mazdar ja ce. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Ɗan_Gesse:
Amin ya Allah. Wannan magana ta shige ni.

Sadauki_BK:
Amin. Amma @Z4_Gusau kada a shafa wa Mazda laifin BMW. Rufin MX-5 na tamfol ne, da hannu ɗaya kake ɓalle maƙalli ka tura shi baya kana zaune, ba injin lantarki ba famfo ba mai. Famfon ruwanta da bel yake aiki. Tun 1989 ake yin motar nan a Hiroshima, a 2016 suka cika miliyan ɗaya, ba abin gwaji ba ce. Injinta dangin na Mazda 3 da CX-5 ne masu lita 2.0, waɗanda suka cika Abuja da Kano. Nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, Marsandin tan ɗaya da rabi. A takarda Marsandin ta fi doki, 185 a kan 155, amma ka tuƙa su biyun a kwana ka ji bambanci. Kuma ba wanda ya yi maganar rai: Mazdar na da jakar iska da birkin ABS mai hana taya ƙamewa da na'urar hana zamewa. A Marsandin 1984 ABS da jakar iska sai wanda ya biya aka sa masa.

Injiniya_Kalgo:
Duk haka ne Sadauki, sai dai ka manta abu ɗaya. Giyar hannu ta MX-5 ta shekarun farko na wannan ƙirar, 2016 da 2017, an yi ta kuka da ita a waje, haƙoran giya na karyewa, har kamfanin ya yi ta sake fasalinta. Ta Ɗan_Gesse 2016 ce kuma giyar hannu. Ya saurari giya ta biyu da ta uku da kyau, mota da sanyi da kuma bayan ta yi zafi.

Malam_Gwandu:
Assalamu alaikum. Ni ban san inji ba, amma na ga kalmar "magada" a tambayar, shi ya sa na tsaya. Ɗana, kafin ka miƙa ko sisi, ka tabbatar an raba gadon, ko kuma dukkan magada sun yarda da sayarwar kuma sun yarda da farashin. Sau da yawa babban ɗa ne ke riƙe da makulli sai ya ɗauka shi ne mai mota, alhali akwai matan mamaci da 'ya'ya mata da suka yi aure a wasu garuruwa, wataƙila da ƙanana marayu. In akwai maraya, sai waliyyinsa ya shiga, kuma kada a karya farashi don an ga ba su san darajarta ba. In ka san ta fi abin da suka faɗa, ka gaya musu. A rubuta takarda da shaidu, in da hali a gaban alƙali. Na ga gonar da aka saya shekara goma sha biyar aka dawo ana shari'a a kanta saboda wata ɗiya da ba a tambaya ba. Motar da za ka hau don samun natsuwa kada ta zama da haƙƙin wani a ciki.

Abu_Tsamiya:
Ku yi haƙuri, ni dai abin bai kwanta mini ba. Mutane na neman mudun gero, ana zancen motar da ba ta ɗaukar buhu ko ɗaya. Da kuɗin nan injin ban ruwa nawa za a saya a fadama? Wannan ba almubazzaranci ba ne Malam?

Malam_Gwandu:
Abu, wanda ya fitar da zakka, ya sauke nauyin iyali, bai ci bashi ba, bai yi don alfahari ba, ba a hana shi abin hawa mai kyau. Amma tunatarwarka tana da amfani, kuma shi ya san zuciyarsa.

Baba_Kanta:
Ɗiyana, ku bari tsoho ya ce wani abu. Ni nan Argungu aka haife ni, kuma na yi tuƙin gwamnati tun Fijo 504 tana hitowa sabuwa daga Kaduna, bayan an buɗe masana'antar a 1975. Mun ga motoci. Abin da yaran yanzu ba su gane ba, motocin wancan zamani an yi su ne a gyara su. Kowane ƙarfe shina da kusoshi, ka kwance ka wanke ka mayar. Mun taɓa kwana a hanyar Kamba da fanbel ya tsinke, munka ɗaura igiya munka iso gari. Ta yanzu in fitila guda ta kama sai ka nemi mai kwamfuta.

Kuma Marsandin ga da kuke ma kallon motar 'yan gayu, irinta ta ci tseren daji a Afirka. A Kwaddibuwa anka yi shi, cikin laka da jar ƙasa, ta zo ta ɗaya. Da tsohuwar zuma aka magani. Ɗan_Gesse, ƙamshin kujerar da ka ce ya tuna maka kawunka, kada ka raina shi. Ni da zan ga 504 ɗin da na fara tuƙawa, ko ba ta tashi sai na saye ta na aje ƙofar gida. Bikin kamun kihi na 2020 an yi jerin motoci tun daga Abuja har nan, duk sababbi. Na tsaya bakin hanya ina kallo, na ce ina ma a ga tsohuwa guda a cikinsu.

Injiniya_Kalgo:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗan gyara kaɗan: wadda ta ci tseren Bandama na Kwaddibuwa a 1979 ita ce 450 SLC 5.0, Hannu Mikkola ya tuƙa, kuma Marsandi ce ta kwashe na ɗaya har na huɗu. Yayar wannan ce, mai rufi a manne da kujera huɗu da injin V8, kuma an shirya ta musamman don tsere. Ƙashin bayansu dai ɗaya ne, don haka maganar Baba tana kan hanya. Fijonku ma ba a bar ta a baya ba, 504 Coupé mai V6 ta ci Safari ta Kenya a 1978, Datsun 240Z kuma ta ci a 1971 da 1973. Amma waɗancan sababbi ne a lokacin, da makanikai na bin su da kaya. Ta Yauri ta shekara shida kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Ejan_Tashar_Ruwa:
Aikina fitar da motoci ne daga tashar ruwa, bari in ba da nawa. Dokar kwastan ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa. Ma'ana irin Marsandin nan ba za ka iya yin odarta ta hanyar da aka saba ba, waɗanda ke cikin ƙasa su ke nan, kullum raguwa suke. Mazda kuwa gobe ma wani zai sauke wata. In kana tunanin ranar sayarwa, ka riƙe wannan.

A kan Mazdar: ka karɓi lambar VIN, wato lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka bincika tarihinta a intanet kafin ka biya. Yawancin ƙananan motocin nan daga gwanjon Amurka suke zuwa, wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ta shanye. Mai haɗari ana gyarawa. Mai ruwa kuwa wata shida lafiya lau, daga nan wayarin ya fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai layin laka, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa. Ka tabbatar takardar duti ta gaske ce, domin tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, kuma kai a Kebbi kake, shingen kwastan ba ya ƙarewa. Ka kuma tabbatar ba mai sitiyarin dama ba ce aka juya. Tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma juyin da ake yi a gareji ba abin yarda ba ne.

Nasara_Aliero:
Ejan ba shekara 15 ba ne? Ni haka na sani.

Ejan_Tashar_Ruwa:
Da 15 ne, an rage zuwa 12.

Ruwaya_Zuru:
Ni aikin wuta nake yi. Motar da ta kwanta shekara shida a gidan da ake ajiye hatsi, ɓera ya riga ka shiga. Na taɓa buɗe dashbod ɗin wata tsohuwar Marsandi na tarar da sheƙa da ɓawon gyaɗa cike da kwano, wayoyi bakwai a gutsure. Amma wayarin 1984 mai sauƙi ne, ana bin sa da fitilar gwaji. Shawarata, in kana son siffar kawai, ka saye ta, ka cire injin da K-Jetronic ɗin gaba ɗaya, a dasa maka injin Toyota da giyarsa. Ka huta da neman mai kunne, mai ma ya ragu.

Bakanike_Jega:
Haba ɗan'uwa! Wanga shi ne abin da ya kashe Marsandin ƙasar ga. An kawo man wata 280 da anka yi ma haka, an yanke shasi da wuta don inji ya zauna, furofela an yi mata ƙari da walda, tana kai 80 sai mota ta ɗau rawa. Mai ita ya so a mayar, injin asali an riga an sayar ma 'yan gwangwan a kilo. In mutum Toyota shika so, ga Corolla nan gidanai. Ko kafireto ban yarda a sa mata ba sai in tulun ya mutu murus, kuma ana samun kayan gyaransa. Wanda zai taɓa ta ya san ana saita bawul ɗinta da hannu lokaci zuwa lokaci, ba irin na yanzu ba ne.

Ruwaya_Zuru:
Baba na ji, amma kai kana Jega. In ka yi tafiya ko ka kwanta ciwo, Allah ya kiyaye, wa zai taɓa ta? Kai da bakinka ka ce masu kunne sun fara ƙarewa.

Bakanike_Jega:
Ina da yara biyu da nika koya ma. Guda ya fara ji.

Direba_Koko:
Ba wanda ya taɓo mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa lita yake ƙirgawa. Tankin Marsandin ya haura lita 80, na Mazda 45 ne, kuma a tafiya ɗaya Marsandin za ta sha kusan ninki. Sai dai Mazdar tana da zaɓen abinci. Injinta yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, fetur mai kyau take so. Ku tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, motoci da yawa suka ji jiki. Ni kaina wani gidan mai a kan hanya ya taɓa zuba mini mai haɗe da ruwa, nozul huɗu na canza. Kowacce ka ɗauka, ka tsayar da gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka bar na bumburutu.

Dogo_Bunza:
Tsawonka nawa Alhaji? Da gaske nake tambaya. Na shiga MX-5 ɗin abokina a Kaduna, gwiwata na dukan sitiyari, kaina na gogar tamfol, hula sai da na cire na riƙe a cinya. Da babbar riga kuwa hannun rigar kan giya yake kwanciya. But ɗinta jaka biyu ƙanana ta cika. Marsandin tana da faɗi, an yi ta ne don manya masu jiki. Ka je ka sake gwada Mazdar da kayan da kake sawa ranar Juma'a.

Hajiya_Ambursa:
Na goyi bayan Uwargida_Badariya, kuma in ƙara da abin da ya same mu. Maigidana yana da Marsandi SLK mai rufin ƙarfe da ke naɗe kansa cikin but. Wata rana a watan Agusta muna dawowa daga Argungu hadari ya taso, ya danna maɓalli, rufin ya taso rabi ya tsaya cak. Man da ke tura shi ya tsiyaye. Haka muka shigo gari ruwa na zuba a kanmu, kujeru suka yi mako suna wari. Don haka da na ji Sadauki ya ce na Mazda da hannu ake ja, na ce wannan hankali ne. Na Marsandin Yauri fa, ƙarƙashin rufin ƙarfen akwai na tamfol a naɗe, ko? Shekara shida a naɗe, ka buɗe ka gani kafin a yi ciniki.

Injiniya_Kalgo:
Akwai, Hajiya, shi ma da hannu ake ɗaga shi. Na ƙarfen kuwa sai mutum biyu sun kama, kuma sai ka tanadi inda za ka jingine shi.

Ɗan_Gesse:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya Asabar na ɗauki Baba Bakanike muka bi ta Koko muka je Yauri. Ga abin da muka tarar. An cire fulogi an ɗiga mai, bayan awa biyu Baba ya sa sifana, inji ya juya sumul, har ya yi hamdala da ƙarfi. Lambar shasi ta dace da abin da Injiniya ya faɗa. Kwamfiresan esi na nan amma ba bel. Tanki ya yi tsatsa, abin da ya fito daga ciki ja ne kamar ruwan zoɓo. Da muka ɗaga kafet ɗin gefen direba, sukudireba ta shige wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu, gefen fasinja kuwa lafiya. Bangon ƙasan gilashi ba mu iya gani sosai ba sai an cire fanka. Tamfol ɗin da Hajiya ta ce a duba ya tsage a lanƙwasa biyu, robar tagar baya ta koma ruwan ƙasa, ba a ganin komai ta ciki.

Maganar Malam kuma ta fito. Magada tara ne, biyu mata suna aure a Kontagora, ba a gaya musu ba. Na ce ba zan ajiye ko kafin alƙalami ba sai an kira su. Babban ɗan bai ji daɗi ba da farko, amma daga baya ya ce a ba shi mako biyu.

Dilan Abuja ya turo lambar VIN. An buge ta ta baya a Amurka, jakar iska ba ta fashe ba, ba maganar ruwa. Ya ce wani ma yana nema, ba zai riƙe mini fiye da kwana goma ba.

Sadauki_BK:
Kwana goma da mako biyu. Ka ga ke nan in ka jira Yauri, Mazda ta tafi. Bugun baya ba komai ba ne in shasi bai motsa ba, a ɗora ta a kan na'urar saita ƙafa a gani.

Ejan_Tashar_Ruwa:
"Wani ma yana nema" kowane dila na faɗa. Ko ta tafi wata na zuwa. Kada a yi maka gaggawa.

Injiniya_Kalgo:
Ramin ƙasan direban nan daga sama ruwan ya zo, ba daga ƙasa ba. Ni ba zan sa farashi ba sai an cire fankar an haska tocila a bangon. In ya ci, aikin mai walda ne na wata da watanni, kuma sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Bakanike_Jega:
Na gaya ma Alhaji haka tun muna hanya. Ranar da matan Kontagora za su zo, ni ma ina tahowa da yarona da akwatin sifana, a cire fankar gaban kowa. Wa ya san mai ɗinkin tamfol na ƙwarai, Sakkwato ko Kano? Na nan kujera kawai sunka iya.

MaiFaci_Kamba:
Akwai wani dattijo a Kano da ke ɗinka rufin tsofaffin motoci, zan nemo lambarsa in tura wa Alhaji ta gefe. Ku tafi da tayoyi huɗu na aro masu wili 14, waɗancan ko an hura ba za su kai ta bakin titi ba.